Idan Daji Ya Ci Illela

A watan Maris na 2023, a taron masu ƙera wasannin kwamfuta da ake yi a San Faransisko ta Amurka, kamfanin Epic Games ya nuna wani kurmi da ya sa 'yan kallo riƙe baki. Mota na ratsa kwazazzabo, ruwa na gudu a kan duwatsu, rana na leƙowa ta tsakanin rassa. Dajin kilomita 4 ne a tsaye, kilomita 4 a kwance, amma wurin da ma'aikata suka jera da hannunsu bai wuce mita 200 ta kowane gefe ba. Ragowar duk kwamfuta ce ta shuka, bisa ƙa'idojin da aka gindaya mata. Da mai nunin ya ja wani curin dutse ya matsar da shi, sai gungume da tsirrai suka sake jeruwa da kansu a kewayensa. Sunan nunin Electric Dreams, an kuma gina shi ne a Unreal Engine, manhajar da kowa zai iya saukewa kyauta.

Irin wannan daji yana da kasuwa, musamman in an binne wani birni a ƙarƙashinsa. Daga The Last of Us na 2013, mai titunan Boston da ciyawa ta fasa, zuwa Horizon Zero Dawn na 2017, inda dabbobin ƙarfe ke kiwo a kufan biranen Amurka bayan shekara dubu, masu wasa sun saba da hoto guda: bene ya tsage, gansakuka ta lulluɓe siminti, saiwa ta naɗe mota. To, a ce wani saurayi a Illela ta jihar Sakkwato, mai laftof ɗan gwanjo da kan da ke ja, ya ga wannan ya ce shi ma zai gina nasa. Zai iya? Zai iya. Amma in kurmin Amazon ko dajin Kolorado ya kwaikwaya, ya yi asara biyu: kwamfutarsa ba za ta ɗauka ba, ko ta ɗauka kuma, dubu sun riga shi. Dajin da zai iya ginawa wanda ba kowa ke iyawa ba shi ne wanda zai cinye garinsu, kuma ilimin wannan dajin yana bakin manoman Kalmalo da makiyayan da ke cika kara ranar Lahadi fiye da yadda yake a intanet.

Injin wasa manhaja ce da ta riga ta san yadda ake zana abu mai tsawo da faɗi da kauri, da yadda haske ke faɗa masa, da yadda zai faɗo in an sake shi. Mai gini ba ya rubuta waɗannan daga tushe, kayansa kawai yake shigarwa ya jera. Duk abin da ke ciki kuwa, dutse ne ko raƙumi, da 'yan ƙananan alwatika aka ɗinka fatarsa, sannan aka shafe ta da hoto. Don ido ya yarda cewa abu na motsi, sai injin ya zana duniyar gaba ɗaya aƙalla sau 30 a kowane sakan, wato kowane zane yana da kashi 33 cikin dubu na sakan, in kuma sau 60 ake so, rabin haka. Wannan ɗan lokacin kuɗin cefane ne: in nama ya ci rabi, mai da kayan miya sai su yi haƙuri da ragowar. Inuwa na da rabonta, ruwa na da nasa, motsin mutane na da nasa, daji kuwa shi ne mai babban ciki.

Dalilin ganye ne. Bangon gida alwatika biyu sun ishe shi, amma bishiya guda tana da ganye dubbai. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a ɗauki hoton reshe da ganyensa, a manna a wani ɗan faifai, a gaya wa injin cewa inda babu ganye ya bar shi fayau a riƙa hango baya. Faifai ɗari biyu ko uku sai su ba ka tsamiya. Matsalar, katin hoto, wato ɓangaren kwamfuta mai yin zanen, sai ya duba kowane ɗigo na faifan, har inda babu komai, kuma in faifai goma sun jeru gaba da baya, ɗigo ɗaya na allo sai a zana shi sau goma kafin a tsaya a kan launinsa. Abin da ke sa waya ta ɗau zafi ke nan da zarar ɗan wasa ya shiga ciyawa. Don rage nauyi, ana ƙera kowace bishiya hawa-hawa: ta kusa cikakkiya, ta tsakiya an rage mata rassa, ta can nesa kuwa hoto ne shafal da ke juyowa duk inda kyamara ta juya. Haka kuma ba a ajiye bishiya dubu a ƙwaƙwalwa. Guda ake ajiyewa, da jerin wuraren da za a tsayar da ita, a juya wannan, a ɗan rage tsawon waccan, ido ya ɗauka kowace daban ce. Iska ma ƙarya ce mai tsari: ana yi wa gindi alamar kada ya motsa, reshe ya motsa kaɗan, bakin ganye ya yi ta rawa. Unreal Engine 5 da ya fito a Afrilun 2022 ya zo da Nanite, fasahar da ke rage alwatika da kanta gwargwadon nisa, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa tsirrai. Sai dai tana son katin hoto mai ƙarfi.

Ita kanta bishiyar ba reshe-reshe ake sassaƙa ta ba. Tun 1968 wani masanin halittu ɗan ƙasar Hangare, Aristid Lindenmayer, ya nuna cewa ana iya rubuta girman tsiro da 'yan ƙa'idoji da ake maimaitawa: miƙe kaza, rabu, karkata kaza, sake. Manhajoji irin su SpeedTree, wadda aka yi aiki da ita a fim ɗin Avatar na 2009, da Blender ta kyauta, duk suna tsirar da itace ne daga ƙa'ida. Wanda ya tashi yana ganin goriba ba ya bukatar dogon bayani a nan. Gangarta na miƙewa ta rabu biyu, kowane reshe ya miƙe ya sake rabuwa biyu, kowane kai ya ɗauki tuntun kaba, busassun ganye na reto a ƙarƙashi. Da wuya a sami bishiyar da ta fi ta sauƙin rubutawa a lissafi, kuma da wuya ka gan ta a wasa.

Sai babbar maganar, wato wa ke tsirowa a ina. Kamfanin Guerrilla Games na Amstadam, masu Horizon, sun yi bayanin hanyarsu a 2017. Ba su dasa itatuwan da hannu ba. Taswirori suka zana, ta tudu da kwari, ta ruwa, ta hanyoyi, sannan suka rubuta wa kowane irin muhalli dokokinsa, katin hoto kuma ya riƙa shuka tsirran a kewayen ɗan wasa yana cikin tafiya. Kenan kyan dajin ya dogara ne da kyan dokokin. Kwamfuta ba ta san komai game da ƙasa ba. In ka ce mata ta watsa itatuwa ko'ina, za ta watsa, sakamakon kuma ko yaro zai gane na bogi ne, ko da bai iya faɗin dalili ba.

A nan ɗan Illela ya fi ma'aikacin Amstadam gata, in zai sauke girman kai ya je ya durƙusa gaban tsoho ya ce, “Baba, me ya sa bagaruwa ba ta hawa jigawa?” Zai ji cewa bagaruwa laka take so, bakin tafki inda ruwa ke kwanciya. Sabara da kalgo su ne masu mamaye gonar da aka bari ta huta. Geza tana kan fako da tsaunin marmara, inda wani abu ba ya kamawa. Goriba na nuna ruwa na kusa. Aduwa na jure tsandauri, ba ta kuma cika tsiraita ba ko da bazara. Tsamiya sau da yawa a gindin suri take. Tumfafiya alamar ƙasar da ta gaji ce, ita ce mai fara shiga kango. Kuka in ta yi cincirindo a dokar daji, to mutane sun taɓa zama a wurin. Kauci ba ya taɓa ƙasa, a kan reshen wani yake rayuwa, garafuni da yaɗiya kuma sai sun sami abin hawa. Kowace jimla a nan doka ce da za a iya rubuta wa injin kai tsaye: in ƙasa laka ce kuma tazararta da ruwa ba ta wuce kaza ba, sa bagaruwa, in akwai bango, sa garafuni a gefensa, in akwai suri, wani lokaci sa tsamiya.

Gawo kuwa shi kaɗai ya isa ya tona asirin wanda ya sayo dajinsa a shago. Da damina, lokacin da komai ya yi kore shar, shi tsirara yake tsayawa, farin reshe da ƙaya. Da rani, bayan kowa ya zubar, sai ya yi ganye ya ba da inuwa, ya zubo da 'ya'yan da dabbobi ke rububi, shi ya sa gindinsa kullum a tattake yake, cike da kashin awaki da shanu. Injin da aka ce masa damina kore, rani fari, zai yi wa gawo ƙarya sau biyu a shekara. Gyaran layi ɗaya ne, a juya masa kalanda, amma sai wanda ya sani.

Kayan shago dai ba laifi ba ne. Epic ya sayi Quixel na ƙasar Suwidin a 2019, da rumbunsa na duwatsu da ƙasa da tsirran da aka ɗauko siffarsu daga zahiri, a 2024 kuma aka haɗe su a kasuwar Fab. Akwai duwatsun Aisland, akwai itatuwan dazukan Turai, akwai gansakuka iri-iri. Za a sami kuka da wata ƙayar mai kan laima, don su ne Afirkar da ake bugawa a katin gaisuwa. Sabara, kalgo, geza, ƙarangiya, gamba, tafasa, waɗannan sai an yi da gaske, galibi ma sai dai mutum ya ƙera abinsa.

Yadda daji ke cin gari ma ya bambanta. A ƙasashen sanyi da ruwa, gini na tsayawa, kore ya hau kansa. A nan ginin ne ke komawa ƙasa. Gidan ƙasa in ya rasa mai yaɓe, indararo ne ke fara faɗuwa, ruwa ya sami hanya ta ka, ya kuma ci gindin bango ta ƙasa. Bangon gabas ke fara zaizayewa, don daga can hadari ke tasowa. Kusurwoyi su dakushe, soro ya rufta, azara ta rage a tsaye ko a gicciye saboda gara ba ta cika iya mata ba, alhali ta riga ta gama da ƙyaure da zana. Bayan wasu damuna, abin da ya rage tudu ne mai laushin baki, tumfafiya a kai, tsingaro a warwatse, dutsen niƙa a kife, bakin rijiya ya rufta rabi. Kwanon rufi ya yi tsatsa iska ta yi gaba da shi. Ginin bulo ya fi daɗewa, amma shi ma tsuntsu ko jemage na sauke ƙwayar gamji ko cediya a tsagarsa, saiwa ta bi tsagar ta sauko neman ƙasa, tana kauri tana buɗa bangon. Iskar hunturu kuma na tara yashi a gefe ɗaya na duk abin da ya tsaya. Mai gini da ya shafa gansakuka a kowane bango ya nuna bai taɓa kallon kango ba. Gansakukarmu tana bakin rijiya da ƙarƙashin randa da inda indararo ke zuba, can kawai.

Ba sai an yi hasashe ba, ƙasar Sakkwato tana da garuruwan da daji ya riga ya ci. Surame, birnin da Muhammadu Kanta na Kabi ya gina a ƙarni na 16, an tashi daga cikinsa wajen farkon ƙarni na 18, kuma har yau ganuwarsa ta dutse tana nan cikin ƙaya da kukoki. Tun 2007 yana jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO. Wannan shekara ɗari uku ke nan na aikin daji a kan birni, a irin ƙasarmu da irin ruwanmu. Alƙalawa ta Gobir ta faɗi a 1808. Ƙonni da ke tsallaken iyaka a Nijar, sojojin Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine sun ƙone ta a Mayun 1899, amma ita mutanenta sun dawo, shi ya sa darasinta daban ne: gari a kan gari. Duk mai son sanin abin da ke saura da abin da ke ɓacewa, hotunan Surame sun fi masa kowane bidiyon koyarwa.

Akwai mai cewa, ai duk wannan ba kurmi ba ne, saheli ne, ina duhuwar? Gaskiya ne Illela, kilomita tamanin da 'yan kai arewa da Sakkwato, damina wata uku zuwa huɗu take samu. Amma ƙarancin itacen da muke gani ba na ruwa kaɗai ba ne, har da gatari da akuya da garma. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, yana aikin dashen itace a yankin Maraɗi yana ganin dashen na mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara tohon kututture ne masu tsohuwar saiwa a raye. In aka bar reshe biyu ko uku aka kare su, sai su zama bishiya cikin 'yan shekaru. Sassaben zamani ke nan, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Wannan da mutane da dabbobinsu suna nan. A ɗauke su shekara ɗari biyu, ko ruwa bai ƙaru da ɗigo ba, abin da zai tashi sarƙaƙiya ce ta ƙaya da mutum ba zai ratsa ba sai da adda, gamba ta fi tsawon mahayin doki a kwari, goriba ta cika fadama.

Mai son ya ƙara ruwa ma yana da hujja. Tsakanin kimanin shekara dubu 11 zuwa dubu 5 da suka wuce, Sahara tana da tafkuna da ciyawa. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabus a yankin Ayar shaida ne, haka kwalekwalen Dufuna da aka gano a Yobe a 1987, mai shekara wajen dubu 8. A irin wannan labarin, madatsun Mozage da Zango da ke kan Magiya a Nijar sun fashe, ruwa ya dawo tafkin Kalmalo gadan-gadan, kacalla da bado sun rufe bakinsa, dorina na kiwo a inda ake noman rani. Ni dai na fi son na farkon, ko a ɗan gauraya. Dajin ƙaya mai buɗaɗɗen sama ba shi da faifan ganye goma a jere, don haka ya fi sauƙi a kan ƙaramar na'ura, kuma ba a gaji da ganinsa ba.

Saura ɓangaren gobe, wato abin da zai nuna cewa wannan kufai na zamanin da bai zo ba ne. Nan ne yawancin masu koyo ke zamewa. Sai a dasa naman kaza mai walƙiya shuɗi, a rataya fitilu masu ruwan hoda, a ce an yi almarar kimiyya. Wannan rigar Avatar ce, kowa ya ara har ta koɗe. Abin da ke kama zuciya shi ne a ga abin da aka sani ya tsufa. A Oktoban 2024 aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri, mai kilomita 1,068, ta kankare, kuma daga Illela ta faro. Ga abin ginawa nan: shimfiɗar kankare ta miƙe kudu, saiwar gamji ta ɗaga falankinta ɗaya-ɗaya. Ga dogayen ƙarafan sabis da yaɗiya ta haye, shamuwa ta yi sheƙa a kai. Ga gonar faifan sola da ƙura ta binne rabi. Wanda ya ga layin tireloli da suka yi cirko-cirko a bakin iyaka lokacin da aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya riga ya ga rabin hoton, abin da ya rage ya cire direbobin, ya sace tayoyin, ya tsirar da aduwa ta cikin bodi. Leda ma kada a manta da ita, baƙa da fara, maƙale a ƙaya, don za ta riga kwano daɗewa.

Akwai kuma wata dabara da ta fi waɗannan, ita ma daga ƙasar nan take. A 1989 wasu manoma daga Illelar Tawa, takwarar tamu ta Nijar, sun je Yatenga a Burkina Faso suka ga ramukan da ake haƙawa a fako a zuba taki don su riƙe ruwa. Suka dawo da dabarar, ta bazu da sunan tassa, tare da rabin wata, wato ramin da ake yi wa ganuwa mai lanƙwasa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa. Tarayyar Afirka kuma ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa a Nijeriya. To a ce a wani ƙarni an miƙa aikin ga injuna masu cin hasken rana, suna haƙa rabin wata suna jefa iri, mutane suka watse, ba wanda ya kashe su. Daga ƙasa daji ne kawai. Sai ɗan wasa ya hau ƙarfen sabis ya duba, ya ga kowace bishiya a cikin lanƙwasa take, sahu-sahu har iyakar gani, sun bi ta kan kasuwa da makaranta da filin idi. Ga daji, ga kimiyya, ga abin tsoro, ba a kunna fitila ko ɗaya ba. Ga injin wasa kuma, babu abin da ya fi masa sauƙi irin maimaita siffa ɗaya bisa gangaren ƙasa.

Haske ba ya bukatar dogon zance. Lumen na Unreal yana lissafa yadda haske ke tsalle daga bango zuwa bango nan take, yana da kyau, yana da nauyi. Mai ƙaramar kwamfuta sai ya lissafa hasken sau ɗaya ya liƙa shi a jikin kaya. Hazo kuwa tsohon abokin masu wasa ne. Silent Hill na 1999 ya lulluɓe garinsa da hazo ne don PlayStation ta farko ba ta iya zana nesa, abin ya zama tambarinsa. Mu hunturu ya ba mu wannan a halal: rana fara fat kamar ba ita ba, kuka ta zama inuwa a mita ɗari, duk abin da ke bayanta ba sai an zana ba. Da bazara kuma ga jan bangon ƙura da ke riga hadari isowa.

Hunturun yana da wani amfanin. Ana iya ɗauko siffar abu ta hanyar zagaye shi da waya ana ɗaukar hotuna masu hawa kan juna, manhaja irin RealityScan ko Meshroom ta haɗa su ta fitar da abin da kaurinsa. Wannan aiki ba ya son rana mai kaifi, don inuwa na mannewa a jikin hoton, ranar da ƙura ta tace haske ita ce ranarsa. Yana kama ɓawon kuka da suri da tsohon bango da marmara sosai. Ba ya kama ƙaya da siririn ganye da duk abin da iska ke kaɗawa. Waɗannan sai a tsinko reshe, a shimfiɗa a kan farin ƙyalle, a ɗauka daga sama, a yanke. Siffar ƙasar kanta akwai ta kyauta: kumbon Endeavour ya auna tudu da kwarin duniya a Fabrairun 2000, an kuma saki na Afirka mai awo ɗaya a kowace mita 30 a 2014. Zai ba ka kwarin Kalmalo da tuddan kewaye, ƙananan kwazazzabai kuwa sai ka sassaƙa da hannu.

Sai dai a faɗi gaskiya, fita daji da kyamara a wannan yanki yanzu ba wasa ba ne. 'Yan bindiga sun addabi gabashin jihar, Lakurawa kuma sun yi sansani a dazukan Tangaza da Gudu. Ɗaukar hoto kusa da shingen jami'an iyaka ba tare da izini ba neman magana ne. Yawancin tsirran da ake bukata suna bayan gari da gonakin kusa, ba sai an yi nisa ba. Wannan halin kuma zai shiga cikin aikin ko an so ko ba a so. Ga Bature, dajin da ya ci birni wuri ne na sha'awa da hutun rai. Ga wanda danginsa suka baro ƙauye da tabarma a ka, kangon da ciyawa ta rufe ba almara ba ne, ya san sunan mai gidan. Wanda zai gina wannan duniya da Hausa sai ya yanke wa kansa shawara ko kyau yake nunawa ko rashi, kuma ina ganin in ya yi gaskiya ba zai iya raba su ba.

Ba kuma shi ne zai fara kai Hausa sararin almarar kimiyya ba. Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969. Nnedi Okorafor ta kafa labarin The Shadow Speaker a Nijar ta shekarar 2070. A fagen wasa, Kiro'o Games na Kamaru sun fitar da Aurion a 2016, Maliyo Games na Legas kuma tun 2012 suke yin wasannin waya. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan gini: rumbun itatuwa da bangaye da ƙasar Sahel da wani zai saya ko ya ara. Wanda ya ƙera gawo da goriba da sabara masu kyau, hawa uku-uku, yana da abin sayarwa tun kafin ya gama wasa, ga masu wasa a waje da masu fim a Kano.

Wane inji? Unreal kyauta ne har sai abin da ka yi ya kawo dala miliyan ɗaya, sannan su karɓi kashi 5 cikin ɗari, amma saukar da shi gigabayit ne masu yawa, kuma yana son wuta tsayayya da kwamfuta mai huhu. Godot, wanda 'yan Ajantina biyu suka fara aka kuma sake shi ga kowa a 2014, bai kai megabayit 200 ba, yana tashi a tsohon laftof, har a wayar Android ana buɗe shi, kuma yana da hanyar maimaita tsiro dubbai daga guda. Unity na tsakaninsu. Inda ake cajin laftof a shagon mai sola, ana kuma sayen data da lissafi, Godot da Blender ne mafarin da hankali zai ɗauka, abin da aka koya a can kuma yana bin mutum duk inda ya koma.

Girman aikin ma a daidaita shi da ƙarfi. Titi ɗaya ya isa, daga shingen iyaka zuwa bakin kara, da tsirrai bakwai ko takwas, da bango iri uku, da tirela guda da za a maimaita a sauya mata tsatsa, da yanayi biyu don gawo ya nuna halinsa. A gwada shi a kan Tecno ko Itel irin wadda ke aljihun yaran gari, ba a kan kwamfutar da aka gina shi ba. In wayar ta ɗau zafi ko hoto ya fara tsinkewa, ciyawa ake fara ragewa, a taƙaita nisan da ake zana ta, a kashe mata inuwa, sannan a matso da hazo. Itatuwa su ne na ƙarshen taɓawa, don su ɗan wasa ke bi ya gane inda ruwa yake.